Kuɗin Ajiya, Dillali da Ɗan Haya: Yadda Ake Barin Gidan Haya a Ingila



A cikin watan Satumba na kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai sukan bar Kano da Kaduna da Abuja su nufi Ingila domin ƙaro ilmi. Daga cikinsu akwai samari da 'yan mata waɗanda iyayensu suka ɗauki nauyinsu, akwai malaman jami'a masu neman digiri na biyu ko na uku, akwai kuma ma'aikatan gwamnati waɗanda aka ba su hutun karatu. Kafin su tashi akan cika musu kunne da gargaɗi a kan sanyi, da tsadar abinci, da sharuɗɗan biza. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne yadda ake barin gidan haya a can. Shiga gida ba ta da wuya ga mai kuɗi a hannu. Wajen fita ne ake rabuwa baram-baram, domin a nan ne dillali yakan zaro takarda mai jerin laifuffuka, ya ce an ɓata kafet, an bar maiƙo a murhu, bango ya yi baƙi, saboda haka kuɗin da aka ajiye ba za su dawo ba, ko kuwa rabinsu ne za su dawo.

Kada a ɗauka ƙaramin kuɗi ake magana a kai. Alal misali, a ce ɗalibi ya kama ɗaki da falo a Manchesta a kan fam 800 a wata. A zamanin da babu iyaka ga kuɗin ajiya. Iyakar ta zo ne da dokar 2019, wadda ta ce kuɗin ajiya kada su wuce kuɗin hayar mako 5 muddin hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Idan aka ninka fam 800 sau 12, aka raba gida 52, sa'an nan aka ninka sau 5, za a sami fam 923 da 'yan kai. A canjin shekarar 2025 wannan ya haura naira miliyan ɗaya da rabi, watau ya fi albashi mafi ƙanƙanta na wata 20, in an auna da naira 70,000 da gwamnatin Nijeriya ta tsayar a 2024. Ga ma'aikacin da ya ci bashi ya tafi karatu, wannan kuɗi shi ne guzurin dawowa gida.

Wanda ya saba haya a Abuja ko a manyan unguwannin Kano ya san wani irin tsari daban. Yakan biya hayar shekara guda gaba ɗaya, ya biya la'adar dillali wadda galibi kashi 10 cikin ɗari ce, ya biya kuɗin rubuta yarjejeniya, sa'an nan a wasu gidajen a karɓi wani abu da sunan maganin ɓarna. Wannan na ƙarshe yakan zauna a aljihun mai gida ko na dillalinsa, kuma 'yan haya da yawa tun ranar biya suke sallama shi, ko tambayarsa ba sa yi in za su tashi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta a ba ɗan haya rasit na dabam a kan irin wannan kuɗi, a kuma riƙa ba shi bayani a rubuce na yadda aka kashe su, amma duk da haka a hannun mai gida ta bar su. To, wannan ɗabi'a ta sallamawa ita ce ɗalibi yakan ɗauka a cikin akwatinsa ya tafi da ita Ingila, inda doka ta riga ta tsaya masa shi bai sani ba. A can kuɗin ajiya dukiyar ɗan haya ce tun ranar da ya bayar har ranar da aka tabbatar da wani haƙƙi a kansa, kuma wanda yake son ya yanki wani abu daga ciki shi ne zai kawo hujja.

Asalin dokar

Ba tun fil azal haka abin yake ba. Dokar Gidaje ta 1988, wadda ta fara aiki a Janairu 1989 zamanin mulkin Margaret Thatcher, ta sakar wa masu gidajen haya mara. Ta cire ƙayyade kuɗin haya a sababbin yarjejeniyoyi, ta kuma ba mai gida ikon fitar da ɗan haya da notis na wata 2 ba tare da ya faɗi dalili ba, abin da aka sani da sashe na 21. Gidajen haya suka yawaita, dillalai suka buɗe ofisoshi a kowane babban titi, ƙorafi a kan kuɗin ajiya kuma ya yi yawa. Ɗan hayar da aka hana wa kuɗinsa ba shi da wata mafita sai kotu, alhali kuwa yana bukatar kuɗin nan take domin ya biya ajiyar sabon gida. Da yawa sai su haƙura. Ƙungiyoyi irin su Shelter da Citizens Advice suka yi ta matsa wa gwamnati lamba, suna kafa misali da jihar New South Wales ta Ostareliya, wadda tun 1977 ta kafa hukuma mai riƙe irin waɗannan kuɗi.

Dokar Gidaje ta 2004 ce ta kawo gyara, aka fara aiki da wannan sashe nata ran 6 ga Afrilu 2007 a Ingila da Wales. Ta ce duk mai gida ko dillalin da ya karɓi kuɗin ajiya lalle ne ya yi musu rajista da ɗaya daga cikin kamfanonin da gwamnati ta amince da su. Kamfanonin uku ne: Deposit Protection Service, da MyDeposits, da Tenancy Deposit Scheme. Da farko wa'adin rajistar kwana 14 ne, daga Afrilu 2012 aka mai da shi kwana 30. A cikin wannan wa'adi kuma tilas a ba ɗan haya takarda mai bayyana sunan kamfanin, da adadin kuɗin, da dalilan da za su iya sa a yanke wani abu, da yadda ake kai ƙara in an sami saɓani.

Rajistar iri biyu ce, kuma yana da kyau ɗan haya ya san wadda aka yi masa. A iri na farko kuɗin da kansu ake miƙa wa kamfanin ya riƙe, ba mai taɓa su sai ɓangarorin biyu sun yarda ko an yanke hukunci. A iri na biyu mai gida ko dillali ne ke riƙe da kuɗin, yana biyan kamfanin wani abu kamar inshora. Idan rigima ta tashi sai a umarce shi ya miƙa adadin da ake jayayya a kai, in kuwa ya ƙi ko ya tsere, kamfanin ya biya ɗan haya abin da aka yanke masa sa'an nan ya bi mai gida. Dillalai da yawa sun fi son iri na biyu, dalili kuwa a fili yake: kuɗin suna kwance a asusunsu. Kuɗin ajiyar da ke ƙarƙashin wannan tsari a Ingila da Wales sun haura na gidaje miliyan 4, waɗanda kan kai ga mai raba gardama kuwa wajen ɗaya ne cikin ɗari a shekara. Wannan adadi ba ya nufin sauran duk sun rabu lafiya. A cikinsu akwai waɗanda aka zalunta suka yi shiru.

Dillali yaron wane ne

A kasuwar ƙasar Hausa dillali yakan tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ja wannan gefe ya ja wancan, har a yi sallama, kowa kuma yana ganin yana da rabo a cikinsa. Dillalin gidan haya a Ingila ba haka yake ba. Wakilin mai gida ne, mai gida ke biyansa, kuma umarnin mai gida yake bi. Fara'ar da ya yi wa ɗalibi ranar da ya zagaya da shi gidan, da shayin da ya ba shi a ofis, duk cikin aiki ne. Wannan ba zargi ba ne ga masu sana'ar, domin akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu. Sanin matsayi ne kawai. Idan dillali ya ce, a bakinsa, kada a damu da tabon nan na kafet, an san da shi, to maganar ba ta da wani nauyi sai ta shiga takarda. Watakila kafin shekara ta zagayo ya bar aikin, wanda ya gaje shi kuwa abin da ke cikin fayil kaɗai ya sani.

Kafin 2019 dillalai suna cin kuɗi ta fuska biyu, daga mai gida da kuma daga ɗan haya: kuɗin binciken mutum, kuɗin rubuta yarjejeniya, kuɗin sabunta ta, kuɗin duba gida ranar fita. Dokar da ta fara aiki ran 1 ga Yuni 2019 ta haramta duk waɗannan a Ingila. Abin da ta bari kaɗan ne. Akwai kafin alƙalami na riƙe gida, wanda bai wuce hayar mako guda ba. Akwai fam 50 na canja wani abu a yarjejeniya in ɗan haya ne ya nema, sai fa in dillali ya nuna ya kashe fiye da haka. Akwai kuɗin makullin da aka yar, da ruwan da ake ɗora wa hayar da ta yi jinkirin kwana 14. Har wa yau dokar ta hana a tilasta wa ɗan haya ya ɗauko kamfanin shara ya biya; abin da ke kansa shi ne ya mai da gida da tsabta kamar yadda ya same shi, ko da hannunsa ya goge. Dillalin da ya rubuto cewa sai an kawo rasit na kamfanin shara kafin a saki kuɗin ajiya yana neman abin da doka ba ta ba shi ba.

Bayan wannan, tun Oktoba 2014 kowane dillalin gidan haya a Ingila tilas ya kasance yana ƙarƙashin wata hukumar sauraron koke, watau The Property Ombudsman ko Property Redress Scheme, kuma tun Afrilu 2019 tilas ya kasance da inshorar da ke kare kuɗin mutane da ke hannunsa. Akan liƙa shaidar waɗannan a ofis. Inda aka duba ba a gan su ba, aka tambaya kuma aka shiga kame-kame, gara mutum ya nemi gida a wani wuri.

Ranar shiga

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Rigimar da za a yi bayan wata goma sha biyu, a makon farko ake cin ta ko a faɗi. Ranar da aka ba da makulli akan ba ɗan haya takardar lissafin kaya da halin gida, wadda dillali ko wani akawu mai zaman kansa ya rubuta ɗaki bayan ɗaki: launin bango da halin fenti, kafet, labule, katifa, kujeru, firij, murhu, har cokula in gidan da kayansa aka bayar. Akan ba shi 'yan kwanaki, galibi mako guda, ya duba ya yi gyara ya sa hannu. Wannan takarda ita ce ma'aunin da za a auna gidan da shi ranar fita.

A yi tunanin halin da sabon zuwa yake ciki a wannan mako. Ya sauka da gajiyar tafiya, yana neman ofishin rajista, yana neman banki, yana neman masallaci da inda ake sayar da nama, sanyi kuma ya fara shiga ƙashinsa. Takarda mai shafi talatin da ƙananan hotuna ita ce abu na ƙarshe da zai kula da shi. Sai ya sa hannu bai karanta ba, ko ya jefa ta cikin aljihun tebur har wa'adi ya wuce, a ɗauka ya yarda da duk abin da ke ciki. A cikinta kuwa an rubuta cewa murhu tsaf yake, alhali ya same shi da maiƙon wanda ya tashi. An rubuta katifa ba tabo, alhali bai juya ta ya ga bayanta ba. Akwai kuma kunya, wadda tarbiyya ce mai kyau a gida amma takan yi tsada a nan. Ɗalibi yakan ga kamar rashin ladabi ne ya fara zama da ƙorafi, ko kuwa ya ji tsoron kada a ce baƙon nan ya cika fitina. Dillali kuwa ba ya ganin gyaran takarda a matsayin fitina, aikinsa ne na yau da kullum.

Abin da ya kamata shi ne mutum ya keɓe awa biyu kafin ya buɗe akwati, ya bi gidan da takardar a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Ya ɗauki hoton kowane ɗaki daga nesa, sa'an nan ya matso ya ɗauki kowane tabo da tsaga da ƙuna. Ya buɗe murhun gashi da firij, ya ɗaga katifa, ya ja kujera ya ga abin da ta rufe, ya dubi kusurwoyin banɗaki da bakin taga inda fumfuna ke fara fitowa, ya rubuta lambar da mitar wuta da ta gas suka nuna. Sa'an nan ya aika wa dillali gyare-gyaren da hotunan ta imel, domin imel yana ɗauke da kwanan wata, ya kuma ajiye kwafi. Idan ba a ba shi takardar lissafi ba sam, wannan rauni ne ga mai gida, domin zai yi masa wuya ya tabbatar da yadda gidan yake a farko. Amma duk da haka ɗan haya ya yi nasa lissafin ya aika.

Haka nan a tsawon zama. Famfo ya fara ɗiga, ko danshi ya fito a bango, sai a rubuta a sanar a ranar. Dokar 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran gini da rufi da bututun ruwa da wayoyin wuta da na'urar ɗumama gida, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗan hayar da ya ga yoyo ya yi shiru har silin ya rufto yana iya ɗaukar wani kaso na laifin.

Tsufa da ɓarna

Yawancin jayayya a kan bambanci tsakanin abu biyu take: abin da ya tsufa saboda amfani na yau da kullum, da abin da aka ɓata. Na farko ba a biyansa, domin kuɗin haya sun riga sun ɗauke shi. Kafet ɗin da ya kwanta a bakin ƙofa saboda takawa, fentin da ya dushe, labulen da rana ta cinye launinsa, duk tsufa ne. Ƙunar dutsen guga a kan kafet, ramin ƙusa a bangon da aka hana bugawa, ƙofar da yaro ya ɓalle, waɗannan ɓarna ce. A 1953, a shari'ar Warren da Keen, Mai Shari'a Denning na Kotun Ɗaukaka Ƙara ya bayyana cewa abin da ke kan ɗan haya shi ne ya kula da gida kamar yadda mai hankali zai kula, ya yi ƙananan ayyuka irin su buɗe magudanar da ta toshe da rufe ruwa in zai yi tafiya da hunturu, amma ba shi ne zai biya abin da shekaru suka cinye ba. Wanda ya karanta babin ijara a littattafan fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamai sun ce abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Ko an tabbatar da ɓarna, ba a ba mai gida sabo a madadin tsoho. A ɗauka kafet ne na fam 500, irin wanda ake sa ran zai yi shekara 10, ya riga ya yi 7 lokacin da ɗan haya ya ƙona shi har ba ya gyaruwa. Abin da mai gida ya yi hasara shi ne shekara 3 da suka rage, watau fam 150. In kuwa ƙunar ƙarama ce a lungu, kafet ɗin yana nan yana aiki, abin da za a yanke bai kai haka ba. Dillalai da yawa sukan fara da neman kuɗin sabo gaba ɗaya, suna jiran su ga ko za a yi gardama. Tambaya guda takan rage kuɗin nan da nan: yaushe aka sayi abin, ina kuma rasit?

Shekara da shekaru rahotannin kamfanonin ajiya suna nuna cewa tsabta ce kan gaba a cikin dalilan rigima, ta fi ɓarna da bashin haya. A nan ɗan haya ba shi da mafakar tsufa, domin datti ba tsufa ba ne. Kuma a nan ne ɗaliban Nijeriya suka fi shiga hannu, saboda dalili biyu waɗanda ba laifi ba ne a kan kansu. Na ɗaya girki: suyar manja da man gyaɗa a ƙaramin kicin mai rufaffiyar taga takan bar maiƙo a bango da kan kabad da cikin fankar da ke zuƙe tururi, wuraren da ido ba ya kai wa sai na akawun dillali. Na biyu tsimin kuɗin wuta: ɗalibi ya kashe na'urar ɗumama gida, ya rufe tagogi ruf saboda sanyi, ya shanya wanki a cikin ɗaki, kafin watan Fabrairu bango ya yi baƙi da fumfuna. Mai gida zai ce rashin buɗe taga ne, ɗan haya zai ce ginin ne ke tsotsar ruwa, kuma sau da yawa kowannensu yana da rabin gaskiya. Wanda ya rubuta ya sanar tun fumfunar tana ɗigo-ɗigo shi ne ke da abin nunawa.

Ranar fita da abin da ke biyo baya

Akwai wata dabara da 'yan haya kan yi, watau su ƙi biyan hayar watan ƙarshe su ce a cire daga kuɗin ajiya. Wannan karya yarjejeniya ne, kuma yana ba dillali hujjar da ba shi da ita a da. Hanyar da ta fi ita ce a biya haya cif, a ba da notis a rubuce bisa ƙa'ida, a kwashe kaya duka har shara, a goge gida ana duba takardar ranar shiga, a sake ɗaukar hotuna daga wuraren da aka ɗauki na farko. In da hali ɗan haya ya tsaya a yi duban ƙarshe a gabansa, ya karɓi shaidar cewa ya mai da makulli. Sa'an nan ya rubuta ya nemi kuɗinsa. Idan ɓangarorin biyu suka daidaita a kan adadi, doka ta ce a biya cikin kwana 10.

Idan dillali ya kawo jerin abin da zai yanke, kada a amsa da fushi, kada kuma a amsa ta waya. A nemi bayanin kowane abu daki-daki da rasit ko ƙiyasin ma'aikaci, a yarda da wanda yake gaskiya, a ƙi wanda ba gaskiya ba tare da faɗin dalili, a kuma nemi a saki ragowar da ba a jayayya a kanta nan take. Amsa laifi inda akwai laifi yana ƙara wa sauran maganar mutum ƙarfi. In an kasa daidaitawa sai a kai maganar ga kamfanin ajiya, wanda ke da masu raba gardama. Ba a biyan ko kwabo, ba a bukatar lauya, ba a kuma zuwa a tsaya gaban kowa. Mai raba gardama ba ya ziyartar gidan. Takardu da hotunan da aka aika masa kaɗai yake dubawa, yana farawa daga cewa kuɗin na ɗan haya ne, sa'an nan ya ga ko mai gida ya kawo abin da ya rinjaya. Hukuncinsa yankakke ne ga wanda ya yarda ya shiga, saboda haka duk hujjar da mutum ke da ita sai ya zuba ta gaba ɗaya tun farko. Wanda bai yarda da wannan hanya ba yana da kotu, inda ƙananan ƙararraki har zuwa fam 10,000 ke da tsari mai sauƙi, sai dai akwai kuɗin shigar da ƙara da jira.

Koke a kan halin dillali kansa, kamar ƙin amsa wasiƙa ko karɓar kuɗin da aka haramta, hanyarsa daban. Akan fara rubuta wa ofishinsa, in mako 8 suka wuce ba a sami biyan bukata ba sai a wuce hukumar sauraron koke da yake ƙarƙashinta.

Wani lokaci kuma sai ɗan haya ya bincika a shafukan kamfanonin uku ya tarar ba a taɓa yi wa kuɗinsa rajista ba. A nan doka ta yi tsanani: kotu tana iya umartar a mai da kuɗin, a kuma biya shi diyya daga ninki ɗaya zuwa ninki uku na adadin, ko da ya riga ya tashi daga gidan. Mai gida ba zai tsira da cewa dillali ne ya yi sakaci ba. Daga 2007 mai gidan da bai yi rajista ba ya rasa ikon amfani da notis na sashe na 21. Dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoba 2025 ta soke wannan sashe ɗungurungum, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 ranar fara aiki da sokewar. Ita ce kuma ta taƙaita hayar da za a nema tun kafin shiga zuwa ta wata guda, abin da ya shafi ɗaliban waje kai tsaye, domin su ne aka saba ce wa su biya wata shida gaba ɗaya saboda ba su da mai tsaya musu a ƙasar. Tsarin rajistar kuɗin ajiya kuwa dokar ta bar shi yana aiki.

Ba kowa wannan rumfa ta rufe ba. Wanda ya kama ɗaki a gidan da mai gidan ke zaune, suna haɗa kicin ko banɗaki, ba ya cikinta, haka nan galibin masu zama a ɗakunan kwanan jami'a. Su yarjejeniyarsu da kotu ne madogararsu. Scotland tana da nata tsari tun 2012, inda wa'adin kwana 30 ne na aiki, kuma kamfani ne kaɗai ke riƙe kuɗin. Akwai kuma abin da wasu dillalai ke tallatawa da sunan haya ba ajiya, inda mutum zai biya ɗan kuɗi kaɗan maimakon na mako 5. Wannan kuɗi ba ya dawowa, kuma in aka sami ɓarna sai an bi mutum bashi. Ɗalibai huɗu da suka sa hannu a yarjejeniya guda su sani cewa kowannensu yana ɗauke da laifin sauran; in ɗaya ya gudu da bashin haya, daga ajiyar kowa za a cire.

Saura maganar wanda ya gama karatu zai dawo gida, domin shi ne ya fi kowa rauni, dillali kuma ya san ranar da bizarsa za ta ƙare. A wasu kamfanonin wa'adin kai ƙara wata 3 ne kacal daga ranar da haya ta ƙare. Da yake ta intanet ake yin komai, ana iya bin ƙarar daga Zariya ko Sakkwato, amma sai in an yi tanadi. Jami'o'i sukan rufe adireshin imel na ɗalibi bayan ya gama, saboda haka tun farko da adireshinsa na kansa ya kamata a yi rajistar ajiyar. Kada ya rufe asusun bankinsa na can sai kuɗin sun shigo, kada kuma ya yar da layin wayar da bankin ke aiko masa lambar shiga ta kansa. Inda kamfani ne ke riƙe da kuɗin, mai gida kuma ya yi shiru ya ƙi amsawa, akan nemi ɗan haya ya kawo takardar rantsuwa da aka sa wa hannu gaban lauya, abin da ya fi sauƙi a yi shi mutum yana ƙasar. Saboda haka mai sayen tikitin dawowa ya bar tazarar mako biyu ko uku tsakanin ranar mai da makulli da ranar tashin jirgi, ko da a falon wani ɗan'uwa zai kwana, ya kuma taho da lambar rajistar ajiyarsa a rubuce tare da fasfo.